Motar Ƙungiya Ta Ƙi Tashi: A Duba Waya Kafin A Sayi Batir

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya)



Da kwamitin shirye-shirye ya nemi mu ce wani abu a taron bana, mun san akasarin jama'a sun ɗauka tsohon hedimasta zai tsaya ne a kan ginin aji da albashin malamai. Waɗannan suna nan, kuma akwai masu magana a kansu. Mu abin da muka zaɓa shi ne wata 'yar waya da tsawonta bai kai kamu guda ba, wadda take ɓoye a ƙarƙashin motar ƙungiya, wadda kuma ta ci kuɗin 'yan'uwanmu na birni fiye da yadda suke tsammani.

Duk wanda ya zaga ƙasar Dambatta da Makoɗa da Kunci da Minjibir da Bichi zai tarar da cewa garuruwa da dama suna da irin wannan mota. 'Ya'yan gari mazauna birni ne suke haɗa kuɗi su saya, a rubuta sunan ƙungiya a jikinta, a miƙa makulli a gaban Dagaci. Ita ke kai ɗalibai wurin jarrabawa, ita ke kai amarya, ita ke kai mu ta'aziyya. Amma babban aikinta shi ne na tsakar dare, lokacin da naƙuda ta yi tsanani ko yaro ya fara sanƙarewa, ana buƙatar isa Babban Asibitin Dambatta, ko ma a wuce Asibitin Murtala a Kano, tafiyar kilomita 50 ko fiye. A irin wannan lokaci idan direba ya murɗa makulli aka ji "ƙas" sannan shiru, babu tasha kusa, babu bakanike, kuma hanyoyinmu na cikin gonaki rairayi ne, ba a tura mota a kansu ta ɗauki gudun da za ta tashi. Wannan shi ya sa muka ga maganar ta cancanci zauren nan.

Sai mu fara da shekarun motocin. Peugeot J5, wadda ta yi shekaru tana jigilar kasuwanninmu, an fara ƙera ta a 1981, wata mai suna Boxer ta gaje ta a 1994. Ke nan ƙaramar cikinsu ta haura shekara 30. Toyota Hiace irin ta da, kafin wadda ake ce wa Homa ta fito a 2004, samfurinta ya fara ne tun 1989. Yawancinsu kuma ba sababbi suka zo mana ba. Sun gama aiki a Turai, inda ake watsa gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara, suka biyo ta Kwatano ko Legas da tsatsarsu a ciki, sannan suka zo suka haɗu da ƙurar hunturu da gargada da ruwan damina. Injin irin waɗannan motoci yana da juriya ƙwarai. Abin da ke fara gajiya a jikinsu shi ne mahaɗar wayoyi.

A nan sai ku yi haƙuri mu koma aji na ɗan lokaci. Wutar lantarki ba ta aiki sai ta je ta dawo. Takan fita daga kan batir mai alamar tarawa, ta bi babbar jar waya zuwa kik, wato injin da ke juya babban inji har ya kama, sannan tilas ta sami hanyar komawa ɗaya kan batir ɗin mai alamar ɗebewa. Masu ƙera mota ba su ja wa kowace fitila da kowace na'ura wayar komawa tata ba, domin da wayoyin sun yi yawa. Sai suka mai da ƙarfen motar kansa ya zama hanyar komawa. Suka ɗaura baƙar waya daga batir zuwa jikin mota, suka kuma ɗaura wata daga jikin mota zuwa inji ko giyabos. Wannan ta biyun ba ta da makawa, saboda inji yana zaune ne a kan robobi domin rage jijjiga, roba kuwa ba ta ɗaukar wuta. Sau da yawa za ku gan ta a saƙe kamar kitso, faffaɗa, ba ta ko da riga. Ita ce Turawa suka sa wa suna wayar ƙasa, alhali ba ta taɓa ƙasa ko kaɗan. Jikin motar ne ƙasarta.

To me ya sa 'yar tsatsa a bakin wannan waya take hana ƙatuwar mota tashi? Amsar tana cikin lissafin da wani malamin makaranta Bajamushe, Georg Ohm, ya wallafa a 1827, wanda muka karanta a kwalejin horon malamai ba tare da mun san wata rana zai yi mana amfani a gindin mota ba. Ya nuna cewa ƙarfin da wuta ke asara a hanya daidai yake da yawan wutar da ke gudu sau cikas ɗin da ta tarar. Ana auna ƙarfi da bolt, yawa da amfiya, cikas kuma da om. Fitilar gaba guda ɗaya tana jan kimanin amfiya 5. Kik kuwa yana jan 150 zuwa 200 a motar fetur, a motar gas ya kan wuce 300. Mu ɗauka tsatsa ta jawo cikas na kashi ɗaya bisa ɗari na om, wato 0.01. Ga fitila, 5 sau 0.01 ya ba mu 0.05, asarar da ido ba ya gani. Ga kik, 200 sau 0.01 ya ba mu bolt 2 cur, daga cikin 12 ɗin da ake da su, waɗanda da ma sukan sauka zuwa wajen 10 idan kik ya kama aiki. Shi ya sa za ku ga fitila tar, rediyo na magana, ham na tsawa, amma mota ta ƙi juyawa. Direba kuma ya rantse batir ne, ko ya ce kik ya mutu.

Ɓarnar ba a nan ta tsaya ba. Injin caji, wanda ke mayar wa batir abin da aka ci, shi ma a jikin inji yake, ta wannan wayar kuma tasa wutar take zagayawa. Idan ta yi tsatsa, batir ba ya cika ko da an wuni ana tafiya. Batir kuwa irin na dalma da asid, wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859 kuma har yau shi ne a motocinmu, ba ya jure zama da yunwa. Idan ya daɗe a rabin caji sai wani farin gishiri ya daskare a kan farantansa, ya daina karɓar caji gaba ɗaya. Ga yadda abin yake gudana a garuruwa da dama: mota ta fara nauyin tashi, a bugo wa na birni waya, su aiko da kuɗi, a sayo sabon batir. Saboda sabo ne da ƙarfinsa, sai ya tsallake cikas ɗin, kowa ya ce an warke. Bayan 'yan watanni shi ma ya kwanta, a ce ai na jabu aka sayar mana, a sake bugo waya. An bar jaki ana dukan taiki. A hankali kuma sai zargi ya shigo tsakanin 'yan'uwa, na birni suna ganin ana cin kuɗinsu, direba yana ganin an raina amanarsa, alhali mai laifin tana can ƙarƙashi cikin baƙin mai da ƙura.

Mu mutanen karkara mun san abin da ke faruwa idan aka toshe burtali. A wannan yanki namu da gona ke manne da gona, babu saura babu daji, shanu ba za su fasa zuwa mashaya ba. Za su ratsa ta cikin dawar mutane ne. Haka wuta take. Idan wayar ƙasa ta tsinke ko aka manta ba a mayar da ita ba, wutar kik za ta nemi duk wani ƙarfe da ya haɗa inji da jikin mota ta bi ta kansa: wayar totur, wayar kuloci, wayar agogon gudu, ko wasu siraran wayoyi da aka yi domin 'yar ƙaramar wuta. Sai ku ji ana cewa wayar totur ta yi tauri, an canza, ta sake yin tauri, ko rigarta ta narke. Wanda ya ga haka kada ya tsaya jiran wata shaida, domin daga nan gobara ce ke biyowa.

Akwai wasu alamun da ba sa buƙatar kayan aiki, sai lura. Idan aka taka birki sai fitilar sigina ta yi ja-ja, ko aka kunna sigina sai fitilun baya duka suka riƙa ƙyaftawa tare, to mahaɗar ƙasa ta fitilun baya ce ta yi tsatsa. Idan allurar zafin inji tana ɗagawa da zarar an kunna fitilun gaba, ta sauka idan an kashe, ba lagireto ba ne, waya ce. Idan mota takan ƙi tashi, amma da an jijjiga ta ko an motsa kan batir sai ta tashi, akwai abin da ya saki.

Yanzu ga abin da muke so kowane direban ƙungiya ya yi idan ta ƙi tashi, kafin ya taɓa wayarsa ta hannu. Ya tabbata giya tana furi, ya ja birkin hannu. Ya kunna fitilun gaba, ya sa wani ya tsaya yana kallonsu, sannan ya murɗa makulli. Idan suka mutu ɗif, ko dai batir ya yi sanyi ƙwarai, ko kuma kan batir bai kama ba. Idan suka dushe, inji yana juyawa da ƙyar kamar mai ciwon baya, ko ana jin "ƙas-ƙas-ƙas" a jere, wuta tana zuwa amma ba ta isa, kuma a nan ne ake zargin batir da wayoyin biyu tare. Idan kuwa hasken bai ko girgiza ba, wutar ba ta ma kai ga kik ba; sai a nemi matsalar a makunnin makulli, ko siririyar wayar da ke zuwa kan kik, ko fis. Akwai kuma wadda takan yi "ƙas" sau ɗaya, sai an ƙwanƙwasa kik da sifana ta tashi. Wannan galibi gawayin da ke cikin kik ne ya cinye, kuma ƙwanƙwasawar aron lokaci ce kawai. Motar da inji ke juyawa da sauri amma ya ƙi kamawa, tata maganar daban ce, ta mai ce ko filogi, ko hita idan ta gas ce, ba za mu shiga nan ba yau.

Gwajin da ya fi kowanne sauƙi shi ne na wayar aron wuta. A ɗauki guda ɗaya, a maƙala baki ɗaya a kan batir mai alamar ɗebewa, ɗaya bakin a jikin wani noti mai tsabta a kan inji, nesa da fanka da fambel. An yi wa wuta sabon burtali ke nan. A murɗa makulli. Idan motar da ke nishi ɗazu ta tashi garau, an gama shari'a: batir lafiya lau, kik lafiya lau, wayar ƙasa ce. Wannan gwaji ba ya cin minti 5, kuma da tsakar dare shi kaɗai ya isa ya kai mara lafiya asibiti, muddin an cire wayar bayan mota ta tashi an kuma yi gyaran gaskiya da safe.

Wanda yake da mita, wato 'yar na'urar awon wuta da ake samu a shagunan kayan lantarki na Sabon Gari, kuɗinta kuma bai kama ƙafar na batir ba, zai iya fitar da lambobi. Batir da ya kwana bai yi aiki ba, idan cikakke ne, zai nuna wajen 12.6. Idan ya nuna 12.2 yana wajen rabi. Ƙasa da 12 kuwa ya yi nisa. Lokacin da ake murɗa makulli bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. Idan inji yana aiki ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.5, alamar caji yana shiga. Awo na huɗu shi ne wanda ba kasafai ake yi ba, kuma shi ne na maganarmu: a ɗora tsinken mita ɗaya a kan dalmar batir ta ɗebewa, ita kanta dalmar ba maƙalin ba, ɗaya tsinken a jikin inji, a murɗa makulli. Abin da mita ta nuna shi ne abin da ake asara a hanyar komawa. Waya mai lafiya ba ta wuce 0.2 ko 0.3. Abin da ya haura rabin bolt cuta ne. Dole sai ana murɗa makulli ake yin awon, domin ciwon ba ya bayyana sai an ɗora kaya, kamar jakin da ba a gane ɗingishinsa sai an aza masa mangala.

Gyaran kansa ba wani abu ba ne. A fara cire kan ɗebewa, shi ne kuma na ƙarshe wajen mayarwa. Wanda ya fara da na tarawa, sifanarsa ta taɓa ƙarfen mota, zai ga tartsatsin da ba zai manta ba. A cire zobe da agogo. Kada a sha taba a wurin, domin batir yana fitar da iska mai kamawa da wuta. Farin garin nan ko shuɗi-shuɗi da ke taruwa a kan batir, ruwan ɗumi da 'yar kanwa yana wanke shi, tun da kanwa tana kashe kaifin asid, sai dai a kula kada ya shiga cikin ramukan batir. A kwance wayar ƙasa ta bakin nan biyu, a goge bakinta da wurin zamanta da samfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, a ɗaure tam, sannan a shafa giris a sama domin ya tare ruwa. Idan saƙar ta fara tsinkewa, ko ta yi kore, ko rigar babbar waya ta kumbura, a canza. A Ƙofar Ruwa ana samun ta asali da aka ciro daga wata motar. A nemi ta tagulla mai kauri, a kankare a gani, domin akwai wayoyi a kasuwa da cikinsu goran-ruwa ne aka yi wa wankan tagulla. Wayar wutar gida ba ta wannan aiki, ko an ninka ta.

Kada a ɗauka muna sukar masu gyara ne. Akasarinsu sun koyi sana'ar da ido da kunne, tun suna yara, kuma akwai mai rewaya da zai gane ciwon mota daga jin kukanta. Amma bakaniken da ya sauke giyabos domin canza kuloci, magariba ta yi, mai mota yana tsaye a kansa yana hanzari, abin da yaronsa ya fi saurin mantawa shi ne wannan 'yar wayar, tun da ko babu ita motar za ta iya tashi a ranar. Haka mai fenti yakan fesa fenti a wurin zamanta a ɗaure a kai, fenti kuwa ba ya ɗaukar wuta. Shi kuma mai sayar da batir, in ka tambaye shi ko batir ne, ba mu ga dalilin da zai sa ya ce maka a'a ba. Akwai dai al'adun da ya kamata a bari ko da wa ya koyar da su: dukan kan batir da dutse, cusa ƙusa a cikin maƙali domin ya kama, naɗa waya ko takardar sigari a madadin fis, da cire kan batir inji yana aiki wai don a gwada caji ko a mayar da batir ɗin aro. Wannan na ƙarshen yana iya ƙona injin caji nan take, a motocin da ke da kwamfuta kuwa asarar ta fi haka. Kuma kada a murɗa makulli fiye da daƙiƙa 10 a jere. A huta, a sake.

Yanayinmu ma yana da hannu. Zafin bazara, lokacin da rana ke haura digiri 40, shi ke tsotse ruwan batir ya tsufar da shi, sanyin Disamba da Janairu kuma ya zo ya tona asiri, sai a ɗora wa sanyi laifi. Saboda haka a riƙa duba ruwan batir a watan Maris da Afrilu, a ƙara masa tataccen ruwan batir, ban da asid, ban da na rijiya. Sannan motar ƙungiya ba kamar ta haya ba ce, takan yi mako biyu ko uku a ajiye. Batir yana zubar da cajinsa ko ba a taɓa shi ba, balle an maƙala masa rediyo da cajar waya. Tayar da ita a bar ta tana aiki na minti 5 a tsaye ba ya mayar da abin da ta rasa, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ba kowace ƙungiya ce ke iya zagayen banza da mota ba. Abin da ya fi sauƙi shi ne a cire kan ɗebewa idan za ta daɗe, a ajiye sifana mai lamba 10 a cikin aljihun motar, ko a saya mata ɗan ƙaramin faifan sola mai na'urar daidaita caji.

Shugaban taro, ga roƙonmu ga kwamiti. A saya wa motar mita ɗaya, da wayar aron wuta mai kauri, da tocila, su zama kayan ƙungiya da ake ƙirgawa idan an canza direba. A buɗe mata littafi, irin wanda kowane hedimasta yake ajiyewa a ofis yana rubuta abin da ya faru a makaranta: ranar da aka sa batir, wanda ya yi gyara, abin da aka kwance, da lambobin awo na farkon kowane wata. A zaɓi matasa biyu daga cikin waɗanda suka gama sakandare a koya musu awon nan. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha tana nan Bichi kusa da mu, ba za a rasa wanda zai nuna musu a yini guda ba. Ku kuma 'yan'uwa na birni, idan aka bugo muku cewa mota tana son batir, kada ku ƙi, kada kuma ku yi saurin turawa. Ku ce a ɗauko hoton fuskar mita sau huɗu a turo ta WhatsApp: mota a kashe, ana murɗa makulli, inji yana aiki, da kuma tsakanin batir da jikin inji. Idan lambobin suka ce batir ne, a saya mai kyau, a rubuta kwanan wata a jikinsa da fenti. Motar tana nan a ƙofar makaranta, mun kuma taho da mita. Bayan an tashi, duk mai so ya biyo mu ya ga wayar da idonsa, a gwada a gabansa.